Bakin Arzika Ba Shi da Ribas

Duk wanda ya san Arzika Dillali a Illela ya san mabuɗin nan. Da shi yake nuna hanya, da shi yake sosa kunne, da shi yake ƙwanƙwasa ƙahon sa in ciniki ya yi zafi a kara, wato kasuwar dabbobi. In zai yi alwala sai ya ciro shi ya ɗora a kan takalminsa, wai kada ruwa ya taɓa shi. Ranar Juma'a kuwa, kafin ya shafa wa kansa turare sai ya ɗiga wa mabuɗin man keken ɗinki, kuma man nan nawa ne, har ya koma ga Allah bai taɓa sayen nasa ba. Baƙo in ya gan shi yana kaɗa mabuɗi a yatsa sai ya fara waige-waige yana neman motar. Mu 'yan gari sai mu sunkuyar da kai, don mun san motar tana wata ƙasa.

Ga waɗanda ba su waye ni ba, ni ne Tunau tela mai shago a bakin tasha. Na san mabuɗin nan fiye da kowa, domin duk rigar da na ɗinka wa Arzika sai na yi mata wani ɗan aljihu daga ciki, daidai ƙirji, na mabuɗi kawai. Kuma Arzika taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ko da ya ba ni shekara goma, bawana ne, kuma babu taron da ban faɗa masa haka ba. To in kun ji ina yi masa tsiya yau, kada wani ya ce ban ga girman mamaci ba, haƙƙina nake karɓa.

Motar a-kori-kura ce, fara sol. Ya saye ta sabuwa fil lokacin da kasuwar shanu ke ci, ya raɗa mata suna Gudale, don shi duk abin da yake so a duniya sai ya ga kamarsa da saniya. Ya ɗauko wani direba daga Sakkwato ya zo ya koya masa tuƙi a filin idi. Kwana uku ana abu lafiya lau, giya ɗaya, giya biyu, birki, hon. Ran na huɗu direba ya ce to Alhaji, yau sai ribas. Arzika ya dube shi sama da ƙasa.

"Mi za ni ɗauko baya? Na bar wani abu can?"

Direba ya yi ta bayani, ya ce wata rana za ka shiga inda ba ya ɓullewa. Arzika ya ce mai hankali ba ya shiga irin wannan wuri. A ranar ya sallame shi, har da guzurin goro.

Tun daga nan Gudale ba ta taɓa ja da baya ba a hannunsa. Kun dai san lungun gidansa. In ya zarce ƙofar da taku biyu, to sai ya miƙe, ya bi ta bayan masallaci, ya kewaye rijiya, ya ratsa ta ƙofar gidan mai unguwa, sannan ya sake shigowa lungun ya tsaya daidai. Kajin unguwar har sun haddace hanyar. Wata rana ya kai matarsa Ige gidan suna, ya zarce gidan, ta ce ya tsaya ta sauka ta taka. Ya ce matar mai mota ba ta takawa. Kafin su kewayo an riga an raba waina. Ige ta yi mako guda ba ta gaishe da Gudale ba, don ita ma, Allah Ya ba ta haƙuri, an koya mata gaishe ta da safe.

Daga nan karin maganarsa ya samo asali. In ya yanke kuɗin dabba a kara wani ya nemi ya sake magana, sai ya ce bakin dillali ba shi da ribas. Kuma gaskiya ce, shekara talatin yana dillanci ba wanda zai ce Arzika ya taɓa lashe amansa. Fulani daga Tozai da Garu su baro shanunsu a hannunsa su tafi shan fura hankali kwance. Wannan shi ne jarinsa, kuma ya fi Gudale tsada, ko da yake ni a lokacin ban gane ba.

Yana da wata doka kuma: gaba na mutane, baya na kaya. Shi bai taɓa hawa bayan motar kowa ba, ko da kuwa zai kwana a tasha. Sai ya ce, "Ni ba kaya ba ne." Amma ni, duk ranar da za mu ɗaurin aure, ko da gaban ba kowa, sai ya nuna mini baya da mabuɗi. In na yi ƙorafi ya ce ai ubangiji a sama yake zama, bawa ya ja shi. Na sha ƙura a bayan Gudale har na san ɗanɗanon kowace hanya ta ƙasar nan.

To, yanzu mun zo inda ni ma nake da laifi.

Akwai wani direba mutumin Ƙonni, Sama'ila, saurayin magidanci mai ladabi, wanda Allah Ya jarabce shi da son Gudale. Duk Lahadi in ya ƙetaro kasuwa sai ya zo ya shafa ta ya taya. Arzika ko kallonsa ba ya yi, sai dai ya ce albarka. Abin har ya zama kamar gaisuwa tsakaninsu. Sai shekarar nan da ruwa ya yi ƙaranci, makiyaya suna ta kawo shanu kara don ba ciyawa, dillalai ba su da lokacin haɗiye miyau. Wata Lahadi na kai wa Arzika rigarsa, na same shi ya jingina da Gudale yana cinikin wani bijimi da wani mahauci. Mahauci yana dama, Sama'ila ya zo ya tsaya a hagu. Mahauci ya ƙara tayinsa na bijimi, a daidai numfashin nan Sama'ila shi ma ya faɗi nasa tayin na mota, yadda ya saba. Arzika ya ɗaga hannu ya buga a kan murfin injin Gudale, ya ce, "Na sallama."

Mahauci ya kama bijimi, Sama'ila ya saki baki, hannun Arzika kuma yana nan kwance a kan mota. Wani dattijo ya tambaye shi wanne ya sallama a ciki. Wallahi kowa a wurin ya san bijimin yake nufi, har bijimin kansa ya sani. Kalma ɗaya zai faɗa a wuce wurin. Har ya buɗe baki. Sai Shaiɗan ya ja harshena, na yi dariya na ce da ƙarfi, yau hwa jama'a ku matso, bawana zai sa ribas.

Ya juyo ya kalle ni. Ban manta kallon nan ba har gobe. Sannan ya juya ga dattijon ya ce, "Duka biyu."

Sama'ila ɗan halas ne. Ya bi shi har gida, ya tsuguna a zaure, ya ce Baba a bar maganar nan, shi wasa yake yi, ya san ba motar ake nufi ba. Arzika ya ce ka taya, na sallama, mutane sun ji, ko so kake a ce Arzika ya tsufa ya fara cin magana? Ige ta aiko daga ciki, limami ya sa baki, ni kaina na je na ce na janye abin da na faɗa. Ya ce in janye ni da nake da ribas. Ba yadda Sama'ila ya iya, mako na zagayowa ya zo da sefarsa, kuɗin ƙasarsu ta Nijar, a jaka, aka ba shi takardu. Ya miƙa hannu a ba shi mabuɗi.

"Mabuɗin mi?" in ji Arzika.

"Na mota, Baba."

"Kai yaro, ka taɓa ganin an sai da saniya da igiyarta?"

Ku da kuka taso a kara kun san al'adar. Mai saye da igiyarsa yake zuwa. Mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don ita ce za ta kira wata dabbar ta zo turken. Ba mai ba da igiya sai wanda ya gama da kiwo. To Arzika ya zauna ya yi nazari, ya ga duk jikin Gudale ba abin da ya yi kama da igiya sai mabuɗi. Sama'ila ya yi magiya, ya yi rantsuwa cewa a ƙasarsu har da mabuɗi ake sayar da mota. Arzika ya ce shi ya sa arzikinsu ba ya zama. Ƙarshenta sai da aka kira makanike ya zaro wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari, ya nuna wa Sama'ila yadda zai riƙa haɗa su. Da Gudale ta tashi za ta fita lungun, Arzika ya juya baya yana duba katangar gidansa, wai ya ga tana tsagewa. Ige ta ce kwana biyu bai ci tuwo ba, ya ce miyar ce ba gishiri.

Ya ce mana kada mu damu, igiya tana gida, wata na tafe. Sau uku muna zuwa Sakkwato da shi sayen mota, kuma duk sau ukun na dawo ina jin kunya. Yadda yake duba saniya haka yake duba mota. Ya kewaye ta, ya danna taya da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa a buɗe masa inji ya ga haƙora. In duk ta yi masa, sai ya sa hannu a ƙirji ya ciro mabuɗin Gudale ya zura a ƙofa. Ba ya shiga mana. Mai sayarwa ya ce Alhaji, ai kowace mota da nata mabuɗin take zuwa. Arzika ya girgiza kai ya ce a'a, wagga ba ta san igiyar ba, mu tahi Tunau. A zuwa na farko kuɗinsa sun isa sabuwa. A na biyu sun isa kwance, wadda wani ya riga ya hau. A na uku mai sayarwa ya dubi abin da muka zo da shi, ya ce zai iya ba mu tayoyi da batir, in Allah Ya hore sauran sai mu dawo. Arzika ya ce can ma motar ba ta yi masa ba, hancinta ya cika tsawo.

Daga nan ya koma tafiya a ƙasa, da mabuɗi a yatsa. In muna zaune a ƙofar shagona wata mota mai kyau ta wuce, sai ya nuna ta ya ce irin wannan ya ƙi a Sakkwato. Wata ta wuce, ita ma ya ƙi ta. Ban san wanda ya ƙi motoci da yawa a ƙasar nan kamar Arzika ba, alhali ko keke ba shi da shi. Amma ni da nake auna shi na san rigarsa tana ƙara yi masa yawa. Kuma lokacin da soja suka rufe iyaka, Gudale ta maƙale a Ƙonni ba ta zuwa kasuwa, sai ga shi kullum da la'asar yana takawa wajen shingen, wai yana da aboki a can. Ba wanda ya taɓa ganin abokin.

Da aka buɗe iyakar, Lahadin farko, yana shagona ina gwada masa wuyan riga. Tasha ta cika da ƙara, manyan motoci, babura, masu talla. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru. Ni ban ji komai ba. Can sai ga Gudale ta shigo, an yi mata fenti shuɗi, an manna mata lambar can, an lafta mata buhunan albasa har sama, da mutane a kan albasar, da awaki a kan mutanen. Arzika ya fito da riga hannu ɗaya a sanye, allurata tana lilo a wuyansa. Sama'ila bai gan shi ba. Ya zarce wurin tsayawarsa kaɗan, ya sa hannu a giya, Gudale ta taho da baya sumul kamar tun haihuwa take yi.

Arzika ya yi salati. Sannan a hankali ya ce, "Ya koya mata. Tun da take gidana ba ta taɓa wanga hali ba."

Tun daga ranar, duk Lahadi kafin ya shiga kara sai ya bi ta tasha ya duba ta. Ya danna taya, ya shinshina inji, ya yi wa Sama'ila faɗan lodi da faɗan fenti. Sama'ila ya tsuguna ya ce to Baba, za a gyara. Kuma duk shekarun nan da waya yake tayar da ita. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi canza gidan mabuɗin, abin da makanike zai yi kafin a sha shayi. Ya ce in ya canza, mabuɗin Baba ya mutu. Ba sau ɗaya ba ya ce masa Baba, ka ce kuskure aka yi kawai, ka ɗauki abarka. Arzika sai ya waiga hagu da dama ya ce wa ya yi kuskuren, a nuna masa shi. Kuma bai taɓa shigarta ba. Baya na kaya ne, gaba kuwa ya ce ba zai zama baƙo a ɗakinsa ba.

Ni ma na taɓa cire wasa na same shi shi kaɗai, na ce Arzika, ranar nan bakina ne ya ja, ka yafe mini. Ya ce wace rana? Abin ya daɗe yana ci na, don na san ba motar kaɗai na raba shi da ita ba, na ɗaure shi ne da igiyar bakinsa a gaban mutane, kuma shi ba mai kwancewa ba ne.

Wata Lahadi da hantsi, farkon damina, aka rugo shagona aka ce Arzika ya faɗi a kara. Malamin asibitin garin ya duba shi ya ce a yi Sakkwato da shi yanzu-yanzu. Motar da ta gama sauke kaya a tasha a lokacin ita ce Gudale. Sama'ila ya share albasa, ya shimfiɗa tabarma a baya, muka ɗauko shi za mu kwantar. Mutumin da muke zaton bai san inda yake ba sai ya buɗe ido ɗaya.

"Ni ba kaya ba ne."

Muka sa shi gaba, tsakanina da Sama'ila, kansa a kafaɗata. Sama'ila ya sunkuya zai haɗa waya, sai na ji hannun Arzika yana lalube a ƙirji, ya kasa samun bakin aljihun. Ni na ɗinka shi, na san inda yake, na ciro masa. Ya miƙa wa Sama'ila. Sama'ila ya kalle ni, na kalle shi. Mu biyu mun san wayoyin nan an raba su da gidan mabuɗin shekara da shekaru, ko an murɗa ba abin da zai faru. Ya karɓa da hannu biyu, ya zura, ya shiga sumul saboda man kekena. Ya murɗa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya saɗaɗa ƙasa ya haɗa wayoyin. Gudale ta tashi.

Arzika ya yi murmushi ya ce, "Ta san igiyarta."

Na gani da idona, kuma ga tsiya ta zo mini har bakin harshe. A rayuwata ranar ce ta farko da na haɗiye ta.

Mun wuce Gwadabawa yana ta sauraren inji, idonsa a rufe. Can ya kira sunana a hankali, na sunkuya.

"Tunau. Bijimin nika nuhi."

Na ce na sani. Na ce duk Illela ta sani, har Ƙonni an sani.

"To kar ka hwaɗa ma kowa."

Ga shi yau na faɗa, sai ya haɗa da sauran ya yafe mini. Da muka isa asibiti Sama'ila ya zare mabuɗin ya miƙa masa. Arzika ya ture hannunsa ya ce ya bar shi nan inda yake. Sama'ila bai taso a kara ba, godiya kawai ya yi. Ni kuwa na san ba mai ba da igiya sai wanda ya gama da kiwo.

Ranar Talata da safe Allah Ya karɓi abinsa. Sama'ila bai koma Ƙonni ba, yana nan ƙofar asibitin kwana biyun nan, shi ya dawo da mu. A baya muka kwantar da Arzika, a kan tabarmar nan, na zauna kusa da kansa. Na ce masa to bawana, yau ga ni ga ka a wajen kaya, sai ka yi magana in ji. Bai yi ba, sai ni na yi ta kuka har Illela.

Muka shigo lungu, jama'a sun cika ƙofar gida. Sama'ila idonsa ya cika da hawaye, ya zarce ƙofar da kamar taku uku. Mutane suka fara buga jikin mota suna cewa ya ɗan yi baya, kaɗan kawai. Ta gilashi na ga ya ɗora hannu a kan giya. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗauke hannun, ya miƙe gaba. Muka bi ta bayan masallaci, muka kewaye rijiya, muka ratsa ta ƙofar gidan mai unguwa, kaji suna ba mu hanya, muka sake shigowa lungun, ya tsaya daidai ƙofar. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Na ga dattawa suna dariya suna share ido da bakin rawani.

Ya Allah, ni da wasa nake ce masa bawana, Kai ne Ubangijinsa na gaskiya. Ya zo maka bai taɓa cin amanar mai saniya ba, bai taɓa sauya magana don abin duniya ba. Taurin kan kuwa Ka fi mu saninsa, Ka yafe masa, ni ma Ka yafe mini bakina. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Ige haƙuri, Ka yi wa Sama'ila albarka. Ya tafi inda ba a dawowa, Ka sa gaban ya fi masa bayan. Amin.